Yadda Ake Auna Talaucin Gidaje da Ci Gaban Tattalin Arziki a Yankunan da Aka Daɗe da Bari a Baya

Akwai yankunan da talaucinsu ya girmi duk wanda ke raye a cikinsu. Kudancin Italiya, arewa maso gabashin Brazil, duwatsun Appalachia a Amurka, da wuraren da mulkin wariyar launin fata ya keɓe wa baƙaƙe a Afirka ta Kudu, duk wurare ne da wata siyasa, ko tsarin mallakar ƙasa, ko aikin tilas ya danne su shekara da shekaru, kuma tabon bai goge ba har yau. Wanda ya tashi auna talauci a irin wannan wuri zai ci karo da matsala tun kafin ya yi tambayar farko, domin sakacin da ya hana yankin hanya da makaranta shi ne ya hana shi ingantacciyar ƙididdiga. Ƙidayar jama'a ta tsufa. Farashin da hukuma ke tattarawa na manyan birane ne. Idan kuɗin bincike ya gaza, ƙauyukan da mota ba ta kaiwa su ake fara cirewa daga jeri. Daga nan sai a fito da lamba guda ta ƙasa baki ɗaya, yankin ya ɓace a cikinta.

Wannan bayani na mai son yin aikin ne da hannunsa, ko jami'in ƙididdiga ne, ko ɗalibin bincike, ko ma'aikacin wata ƙungiya, ko kuma wanda za a kawo masa rahoto yana son ya san abin da zai bincika kafin ya amince da shi.

Mataki na farko: shata iyakar yankin

Kafin komai, ka rubuta a fili wane yanki kake nufi, kuma da wa za ka gwada shi. Abin yana kama da mai sauƙi, amma a nan ake yawan yin tuntuɓe, saboda iyakar mulki ta yau ba lalle ta dace da iyakar da tarihi ya shata ba. A Afirka ta Kudu, dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. Da aka rushe wariya a 1994, sai aka narkar da waɗannan yankuna cikin sababbin larduna. Wanda ya auna lardin Eastern Cape gaba ɗaya zai cakuɗa tsohon yankin Transkei, wanda aka keɓe wa baƙaƙe, da biranen bakin teku masu masana'antu, kuma matsakaicin da zai samu ba zai kwatanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka ka nemo tsohuwar taswira, ka ɗora ta kan ta yanzu, ka sauko zuwa ƙaramin matakin mulki da za ka iya, ka tantance waɗanne gundumomi ne ke ciki, waɗanne ne ke waje.

Amfanin wannan ya fito sarai a binciken da Melissa Dell ta wallafa a 2010 kan ƙasar Peru. Daga 1573 zuwa 1812 Turawan Sifen sun tilasta wa wasu gundumomi su riƙa tura kashi ɗaya cikin bakwai na mazajensu aikin haƙar ma'adinai a Potosí da Huancavelica. Ta kwatanta gidajen da ke daf da tsohuwar iyakar, na ciki da na waje, inda yanayin ƙasa da mutanen suke kusan iri ɗaya. Ta tarar da cewa abin da gidajen ciki ke ci da kashewa ya gaza na waje da kusan kashi 25 cikin 100, kusan shekaru ɗari biyu bayan an soke tsarin. Da iyakar lardi ta bi, da wannan bambanci bai bayyana ba.

Sannan ka zaɓi abokin gwaji. Ana gwada yanki da matsakaicin ƙasa, ana gwada shi da maƙwabcinsa mai kama da shi, ana kuma gwada shi da kansa a shekarun baya. Kowanne tambaya daban yake amsawa, kuma ya fi kyau a yi duka ukun.

Mataki na biyu: duba abin da ke hannu

Kada ka fita fili sai ka san abin da wasu suka riga suka tattara. Bankin Duniya ya kafa shirin LSMS na auna rayuwar gidaje a 1980, shirin DHS na lafiya da yawan jama'a ya fara a 1984, asusun UNICEF kuma yana gudanar da binciken MICS kan halin yara da mata tun tsakiyar shekarun 1990. Yawancin hukumomin ƙididdiga na ƙasashe suna da nasu binciken kashe kuɗin gidaje. Ga kowanne ka nemi amsar abu uku: yaushe aka yi shi, zuwa wane mataki na mulki sakamakonsa ke da inganci, kuma waɗanne wurare ne ba a shiga ba. Amsar ta uku galibi tana can cikin shafukan ƙarshe na rahoton, a ƙananan rubutu, kuma sau da yawa yankin da kake nema ne ba a shiga ba saboda rashin tsaro ko rashin hanya.

Mataki na uku: zaɓen gidajen da za a tambaya

Da farko ka tsayar da ma'anar gida. Ma'anar da masu bincike suka fi amfani da ita ita ce mutanen da ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. Ka rubuta ƙa'ida kan wanda ya tafi ci-rani, da ɗalibin da ke makarantar kwana, da baƙon da ya daɗe, domin duk lissafin da zai biyo baya ana raba shi ne da yawan mutanen gidan. Kuskuren mutum biyu a gida mai mutum shida ya isa ya tsallakar da gidan daga wannan ɓangaren layin talauci zuwa wancan, wato iyakar kuɗin da duk wanda bai kai ta ba ake ƙirga shi matalauci.

Zaɓen yana tafiya hawa biyu. A hawa na farko ana ɗaukar ƙananan yankunan ƙidaya ta hanyar ƙuri'a, inda yanki mai yawan jama'a ke da babbar damar fitowa. A hawa na biyu ana zuwa kowane yankin da ya fito, a bi gida-gida a rubuta sabon jeri, sannan a sake yin ƙuri'a a ɗauki gidaje kamar 10 zuwa 15. Sabon jerin nan shi ne abin da ba zan taɓa yarda a tsallake ba. Idan ƙidaya ta tsufa, sababbin unguwanni da matsugunan waɗanda suka yi gudun hijira ba sa cikinta, kuma galibi su ne mafiya talauci. Haka nan ba a barin shugaban gari ko wani jami'i ya nuna gidajen da za a shiga, komai kyawun niyyarsa.

Gidaje nawa ake bukata? Idan kana son sakamakon da kuskurensa bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba, da tabbacin kashi 95 cikin 100, lissafi yana ba da gidaje 384. Amma tunda ana ɗaukar gidajen rukuni-rukuni, kuma maƙwabta sukan yi kama da juna, ana ninka adadin, sau da yawa sau biyu, ya zama kusan 770. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda ba za a samu a gida ba, ka kai wajen 850. Abin lura shi ne wannan adadi na kowane yankin da kake son ba da sakamakonsa shi kaɗai ne. Binciken ƙasa mai gidaje dubu goma yana iya samun gidaje 150 kacal a yankinka. Maganin shi ne a ƙara wa yankin kaso da gangan, sannan a wajen lissafi a ba kowane gida nauyin da ya dace da damar da ya samu ta fitowa, don kada jimillar ƙasa ta karkace.

Idan akwai wurin da ba a iya shiga ba, kada a maye gurbinsa a asirce da ƙauyen bakin titi. A rubuta cewa ba a shiga ba, da kimanin mutanen da ke ciki.

Mataki na huɗu: tambayi abin da aka ci aka kashe

A nan ne ƙashin bayan aikin yake. A ƙasashe masu arziki, inda kusan kowa ke karɓar albashi ta banki, ana auna kuɗin shiga. A yankin da yawancin mutane manoma ne, ko makiyaya, ko masu ƙananan sana'o'i, tambayar "nawa kake samu a wata" ba ta da amsa ta gaskiya. Kuɗi yana zuwa da yawa bayan girbi ya ɗauke watanni. Mai sana'a ba ya raba jari da riba. Wani kuma yana tsoron haraji. Abin da gida ya ci ya fi tsayawa wuri ɗaya cikin shekara, kuma mutane sun fi sakin jiki su faɗe shi. Jagorar da Angus Deaton da Salman Zaidi suka rubuta wa Bankin Duniya a 2002 ita ce aka fi bi wajen haɗa wannan jimilla, kuma tana da sassa huɗu.

Na farko abinci: wanda aka saya, wanda aka noma aka ci, wanda aka samu kyauta ko a madadin lada, da wanda aka ci a waje. Na gona ana ƙiyasta kuɗinsa da farashin kasuwa mafi kusa. Ka tambayi adadin da aka ci, ba adadin da aka saya ba, domin gidan da ya sayi buhu a makon jiya bai cinye shi ba, gidan da bai sayi komai ba kuma yana ci daga rumbu. Mutane ba sa auna abinci da kilo, suna aunawa da kwano da tsibi da dami da kwalba. Dole a tura mutum kasuwannin yankin da sikeli ya auna nauyin kowane ma'auni na gida ga kowane irin kaya, a yi jadawalin juyawa. Rashin wannan jadawali ya lalata bincike da yawa da aka kashe wa kuɗi masu yawa.

Na biyu kayan da ba abinci ba da ake saye akai-akai: makamashi, sabulu, sufuri, katin waya, sutura, kuɗin makaranta. Na uku kayan da ke daɗewa, irin su keke, babur ko firiji. Ba a saka kuɗin sayensu gaba ɗaya, ana ƙiyasta darajar amfanin da aka yi da su cikin shekara, bisa farashinsu na yanzu da shekarunsu. Na huɗu muhalli: kuɗin haya ga mai haya, ga mai gidan kansa kuma ƙiyasin abin da zai biya da haya yake yi. A karkarar da ba a saba ba da haya ba wannan ƙiyasi yana da wuya, kuma idan ya gagara gara a cire shi ga kowa da kowa da a saka wa wasu a bar wasu.

Akwai abubuwan da ba a sakawa: hidimar aure da ta rasuwa, biyan bashi, haraji, da jarin sana'a. Kan kuɗin magani masana sun rabu. Gidan da ya sayar da dabbobinsa ya biya asibiti zai fito a lissafi kamar mai wadata, alhali masifa ce ta same shi. Ni ina ganin a tattara shi, a ba da sakamako iri biyu, da shi da kuma ba tare da shi ba.

Sai batun tsawon lokacin da ake cewa mutum ya tuna. An saba da kwana 7 ga abinci, kwana 30 ga kayan yau da kullum, wata 12 ga manyan sayayya. Idan lokacin ya yi tsawo mutane sukan manta, sai su fito kamar sun fi talauci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Indiya, binciken 1999 zuwa 2000 ya sauya yadda ake tambayar abinci, ya haɗa tambayar kwana 7 da ta kwana 30 a takarda ɗaya. Alƙaluman hukuma suka nuna talauci ya sauka daga kashi 36 cikin 100 a 1993 zuwa 1994 ya koma kashi 26, masana kuma suka shafe shekaru suna jayayya kan ko nawa ne raguwar gaske, nawa ne aikin sauyin tambaya. A Tanzaniya an yi gwaji a 2007 zuwa 2008, aka raba gidaje 4,000 ta ƙuri'a, aka yi musu tambayar abinci ta hanyoyi takwas daban-daban. Ƙiyasin masu fama da yunwa ya kama daga kashi 19 zuwa kashi 68 cikin 100, a cikin mutane iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Duk wanda ya san wannan ba zai sake kwatanta sakamakon bincike biyu ba sai ya ga takardun tambayoyinsu.

Lokacin fita fili ma haka yake. Binciken da aka yi a kaka zai nuna wadata, wanda aka yi dab da faɗuwar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zai nuna ƙunci. Mafi kyau a rarraba aikin cikin wata 12, kowane wata a ziyarci wani kaso na gidajen. Idan kuɗi bai kai ba, a je sau biyu, bayan girbi da kafinsa.

Kan masu tambaya: su kasance masu jin harshen wurin, a fassara takardar a rubuce tun kafin fita, kada a bar kowa yana fassara yadda ya ga dama. A samu mata a cikin tawaga, domin wadda ke dafa abinci ita ta san abin da aka ci, ba lalle maigida ba. A yi gwaji a ƙauyuka biyu ko uku kafin babban aiki. Manhajoji irin su Survey Solutions, KoboToolbox, ODK da CSPro suna ba da damar ɗaukar bayani a waya ba tare da intanet ba, suna kuma nuna kuskure nan take, misali idan aka rubuta wa mutum ɗaya abincin da mutum goma ba za su cinye ba. Sannan a faɗa wa kowane gida gaskiya tun a ƙofa: wannan ba rajistar tallafi ba ce, sunansu ba zai fita ba, kuma suna da damar ƙin amsawa. A wuraren da aka sha yin alkawari ba a cika ba, mutane suna da dalilin ɓoye abin da suke da shi, ko kuma ƙin magana gaba ɗaya, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani.

Mataki na biyar: farashi da layin talauci

Bayan an haɗa jimillar kowane gida, ana raba ta da yawan mutanen gidan. Wasu suna la'akari da cewa yaro ba ya cin abin da babba ke ci. Ma'aunin da ake amfani da shi a Turai yana ba babba na farko maki 1, kowane mai shekara 14 zuwa sama bayansa 0.5, yaro ɗan ƙasa da 14 kuma 0.3. A inda abinci ke cinye mafi yawan kuɗin gida wannan ragi ya yi yawa, domin abinci ba ya raguwa don an ci shi tare kamar yadda fitila ɗaya ke haska mutum biyar. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka faɗe ta, ka nuna yadda sakamako zai sauya da ka bi ɗayar.

Daga nan a daidaita farashi. A yanki mai nisa amfanin gona yakan yi araha, amma kayan masana'anta, man fetur da magani sukan yi tsada saboda sufuri. Idan aka yi amfani da farashin babban birni, za a yi kuskure a duka ɓangarorin. Ka tattara farashi a kasuwannin da gidajen ke zuwa, a watan da aka tambaye su, ka daidaita bambancin wuri da kuma hauhawar farashi tsakanin watan farko da na ƙarshe.

Shi kansa layin, hanyar da aka fi bi ta samo asali tun daga Seebohm Rowntree, wanda ya bincika birnin York na Ingila a 1899 ya lissafa mafi ƙarancin kuɗin da iyali ke bukata don abinci, haya da sutura. A Amurka, Mollie Orshansky ta ɗauki kuɗin abinci mafi araha a shekarun 1960 ta ninka shi sau uku, domin a lokacin iyalai suna kashe kusan sulusin kuɗinsu a kan abinci. A yau ana yin haka: ka ɗauki gidajen da ke kusa da inda kake zaton layin zai faɗa, ka duba abincin da suke ci a zahiri, ka daidaita adadinsa har ya ba da kimanin kalori 2,100 ga mutum a rana, ka saka masa farashi. Wannan shi ne layin abinci. Sannan ka ƙara kason abin da ba abinci ba. Idan ka duba gidajen da duk abin da suke kashewa daidai yake da layin abinci, amma duk da haka suna rage ci don su sayi sabulu ko su biya mota, abin da suka ware shi ne mafi ƙarancin bukata, kuma shi ke ba da ƙaramin layi. Idan ka duba gidajen da kuɗin abincinsu kaɗai ya kai layin, ka ƙara abin da suke kashewa a kan sauran bukatu, ka samu babban layi. Hukumar ƙididdiga ta Afirka ta Kudu tana wallafa duka ukun: layin abinci, ƙaramin layi da babban layi.

Layin Bankin Duniya na kwatanta ƙasashe ne. Ya fara da dala 1 a rana a 1990, ya koma dala 1.25 a 2008, dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Kada ka juya shi da farashin canji na kasuwa, domin dalar nan ta ƙarfin saye ce, wadda ake lissafawa ta hanyar kwatanta farashin kaya tsakanin ƙasashe. Ga aikin cikin gida layin ƙasa ya fi amfani. Abin da bai kamata ba shi ne a yi wa yankin nasa ƙaramin layi da hujjar cewa mutanensa sun saba da kaɗan. Farashi ake daidaitawa, matakin rayuwar da layin ke wakilta dole ya zama ɗaya ga kowa a ƙasar.

Mataki na shida: lissafi uku

James Foster, Joel Greer da Erik Thorbecke sun tsara ma'aunai uku a 1984 da har yau ake amfani da su. Ga misali da gidaje biyar masu yawan mutane ɗaya, layi kuma 100 ne, kowane mutum a gidajen yana kashe 40, 80, 95, 130 da 200.

Yawan matalauta: uku cikin biyar, kashi 60 cikin 100. Zurfin talauci: ka ɗauki giɓin da ya rage wa kowane gida matalauci kafin ya kai layin, a matsayin kaso na layin, wato 0.60, 0.20 da 0.05, ka haɗa su 0.85, ka raba da biyar, ka samu 0.17. Tsananin talauci: ka ninka kowane giɓi da kansa kafin ka haɗa, wato 0.36, 0.04 da 0.0025, ka raba da biyar, ka samu kusan 0.08.

Yanzu a ce an ƙara wa gida mai 95 ɗan abu kaɗan, 6 kawai. Yawan matalauta zai faɗi daga kashi 60 zuwa 40. A ce kuma maimakon haka an ƙara wa gida mai 40 har 30. Yawan matalauta ba zai motsa ba, amma zurfi zai sauka daga 0.17 zuwa 0.11. Shirin da ake auna nasararsa da lamba ta farko kaɗai zai karkata ga waɗanda ke bakin layi ya bar na can ƙasa, kuma a yankunan da muke magana a kai na can ƙasa su ne masu yawa. Ka ba da duka ukun, ka ƙirga mutane ba gidaje ba tunda gidajen matalauta sukan fi cika, kuma kowace lamba ta zo da tazarar kuskurenta.

Mataki na bakwai: abin da kuɗi ba ya nunawa

Gida yana iya haura layi da ɗan kaɗan alhali babu asibiti cikin tafiyar yini, babu malami a makarantar garin. Wannan ne abin da masanin tattalin arziki Amartya Sen ya daɗe yana nunawa, cewa abin dubawa shi ne abin da mutum ke iya yi da rayuwarsa. A 2010 cibiyar OPHI ta Jami'ar Oxford da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, bisa hanyar Sabina Alkire da James Foster. Yana da ɓangare uku masu nauyi ɗaya. Lafiya tana da alama biyu, rashin abinci mai gina jiki da mutuwar yaro cikin shekaru biyar da suka wuce. Ilimi yana da biyu, rashin wanda ya kammala shekara shida a makaranta da yaron da ba ya zuwa makaranta. Kowace daga cikin huɗun nan nauyinta 1/6. Yanayin rayuwa yana da shida, kowace 1/18: makamashin girki, makewayi, ruwan sha, lantarki, ginin gida da kadarori. Ruwan da sai an yi tafiyar minti 30 ko fiye zuwa da dawowa ana ƙirga shi a matsayin rashi ko da mai tsabta ne.

Gidan da rashinsa ya kai sulusi ana ɗaukarsa matalauci. Misali, babu wanda ya yi shekara shida a makaranta, ana girki da itace, babu lantarki, babu makewayi mai kyau: 1/6 da 3/18 sun cika sulusi daidai. Sannan ana ninka kason matalauta da matsakaicin rashinsu. Idan kashi 60 ne matalauta kuma matsakaicin rashinsu kashi 50, ma'aunin ya zama 0.30. Amfaninsa ga yankin da aka bari baya shi ne ana iya warware shi a ga wace alama ce ta fi nauyi, kuma yawancin alamomin ayyukan da hukuma ta yi ko ta kasa yi suke nunawa. Idan akwai hali a haɗa da auna tsayin yara 'yan ƙasa da shekara biyar bisa mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, domin tsumburewar yaro tana ba da labarin shekarun baya da tambayar kwana 7 ba za ta kama ba.

Mataki na takwas: auna ci gaban yankin kansa

Tarayyar Turai tana ɗaukar yanki a matsayin mai ƙarancin ci gaba idan abin da yake samarwa ga kowane mutum bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin tarayyar ba. Ma'auni ne mai sauƙi, amma yana yaudara a wurare biyu. Yanki mai ma'adinai ko man fetur yana nuna babbar lamba alhali ribar tana tafiya wani wuri. Yankin da ke rayuwa da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa yana nuna ƙaramar lamba alhali gidajen sun fi yadda take nunawa. Shi ya sa hukumar raya yankin Appalachia, wadda aka kafa a 1965, take haɗa abu uku wajen jera gundumomi: rashin aikin yi na matsakaicin shekara uku, kuɗin shiga na kowane mutum ban da tallafin gwamnati, da yawan matalauta. Cire tallafin yana nuna ko tattalin arzikin wurin yana tsaye da ƙafarsa. A Amurka kuma ana kiran gunduma mai daɗaɗɗen talauci idan kashi 20 cikin 100 ko fiye na mutanenta sun kasance matalauta tsawon shekaru 30, kuma irin wannan ma'auni na daɗewa shi ya fi dacewa da batunmu.

Ka ƙara da abubuwan da ake gani a ƙasa: awa nawa ake ɗauka kafin a isa kasuwa ko asibiti a rani da damina, ladan lebura a rana idan aka gwada shi da farashin abinci, kason masu aikin da ba noma ba, da awannin da ake samun lantarki.

Idan ana son taswirar talauci ta ƙananan gundumomi, hanyar da Chris Elbers, Jean Lanjouw da Peter Lanjouw suka wallafa a 2003 tana haɗa binciken gidaje da ƙidayar jama'a don ƙiyasta talauci a wuraren da binciken bai isa ba, muddin ƙidayar ba ta tsufa ba. Hasken dare da tauraron ɗan adam ke ɗauka shi ma yana taimakawa wajen bin sauyin birane, amma a karkarar da babu lantarki komai duhu ne, ba ya bambanta matalauci da wanda ya fi shi talauci.

Sai ƙaura, wadda ke iya juya ma'anar kowace lamba. Idan matasa masu ilimi suka bar yanki, talaucin waɗanda suka rage zai yi sama ko da babu wanda halinsa ya taɓarɓare. A yankin Kagera na Tanzaniya an bincika gidaje daga 1991 zuwa 1994, aka sake bin mutanen a 2004 har da waɗanda suka tashi, aka ga waɗanda suka bar ƙauyukansu sun fi samun ci gaba nesa ba kusa ba. Don haka ka yanke tun farko: wurin kake aunawa ko mutanensa? Idan mutanen ne, sai ka ware kuɗin bin sawun waɗanda suka tafi.

Mataki na tara: rahoto da zagaye na gaba

Ka rarraba sakamakon: birni da karkara, nisa daga hanya, gidajen da mata ke riƙewa, yara, da ƙabilun da tarihi ya ware idan doka da tsaronsu sun ba da dama. Kada ka ce talauci ya ragu idan bambancin bai fita daga tazarar kuskure ba. Ka cire sunaye, ka gusar da alamar wurin kowane gida kafin ka ba wani bayanan. Ka koma garuruwan da aka yi aikin ka karanta musu sakamakon da harshensu, su faɗi inda suke ganin bai yi daidai ba.

Sannan ka ajiye komai a rubuce saboda wanda zai maimaita aikin bayan shekara uku zuwa biyar: takardar tambayoyi, jerin kayan abinci, jadawalin ma'aunai, watannin da aka fita, da yadda aka gina layin. A zagaye na gaba ba a sake gina layi, ana sabunta shi ne da hauhawar farashi kawai. Idan ya zama dole a sauya takardar tambayoyi, a raba gidajen biyu ta ƙuri'a, rabi a yi musu tsohuwar, rabi sabuwar, don a san girman bambancin da sauyin kansa ya jawo kafin a kwatanta shekarun.